Kibiyar maus ɗina tana tsalle ita kaɗai, don Allah ku taimaka

Maryam: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin kwamfuta ku agaza min. Yau kwana biyar ke nan kibiyar maus ɗina ta ƙi zama wuri ɗaya. Ina cikin rubutu sai ta yi tsalle ta koma saman shafi, kafin in ankara rabin jimlar da nake bugawa ta shige tsakiyar wani sakin layi daban. Wani lokaci kuma ina jan maus ɗin sai kibiyar ta riƙa tafiya tana tsayawa kamar mai ɗingishi. Laftof ce mai Windows 11, maus ɗin kuma mara waya ne, irin mai 'yar risibar nan da ake sokawa a kafar USB. Aikin kammala karatuna nake bugawa, saura mako biyu in miƙa. Jiya sai da na kwashe awa biyu ina tsince kalmomin da suka faɗa inda ba wurinsu ba. Wallahi abin ya dame ni.

Sadiq: Wa alaikumus salam. Anti, wannan bairos ne. Ki kwashe fayilolinki a goge kwamfutar a sa sabuwar Windows, ki huta.

Malam Auwal: Sadiq, a dakata da maganar gogewa tukuna. Wadda saura mako biyu ta miƙa aiki ba a fara ta da goge kwamfuta. Malama Maryam, kafin komai ki kwafi aikin nan ki ajiye a wani wuri daban, ko a filash ko ki tura wa kanki ta imel. Bayan haka, ni a bayaninki cuta biyu na ji, ba ɗaya ba. Tsalle daban, ɗingishi daban, kuma ba lallai ba ne a ce tushensu ɗaya. Ki amsa min waɗannan: idan kin ɗauke hannunki gaba ɗaya daga kan maus ɗin, kibiyar tana motsi? A kan me kike ɗora maus ɗin? Sannan me da me ke jone a jikin laftof ɗin yanzu haka?

Maryam: Na gode Malam. Aikin yana ajiye, ina da faifan ajiya na waje da nake bari a jone kullum idan ina rubutu. Ban da shi sai risibar maus da caja. Teburina mai gilashi ne a sama. Maganar ɗauke hannu kuwa ban lura ba sosai, amma ina jin tana motsi.

Baba Ilu: 'Yata, kifa maus ɗin ki duba cikinsa tukuna. Mu da muka yi aiki da mai ƙwallo, wannan ce gaisuwar farko da muke yi wa maus idan ya fara gardama. A murɗe marfin ƙasa, a ciro ƙwallon, a kankare daɗɗen dattin da ya naɗe a jikin 'yan sandunan da ƙwallon ke juyawa, sai ka ga ya miƙe kamar sabo. Na yanzu ba ƙwallo, amma akwai ɗan ramin da haske ke fitowa. Silin gashi guda ɗaya in ya maƙale a wurin ya isa ya rikita miki kibiya.

Malam Auwal: Baba ya yi gaskiya, kuma maganar gilashin nan ma abin dubawa ce. Bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake, don in mutum ya gane wannan, rabin matsalolin maus zai iya gano su da kansa. A ƙarƙashin maus akwai 'yar fitila da ke haska saman tebur, a gefenta kuma akwai wata 'yar ƙaramar kyamara da ke ɗaukar hoton wurin sama da sau dubu a kowace daƙiƙa. Sai ya riƙa gwada hoton yanzu da wanda ya gabata, ya ga ina ƙananan gurzaje da ɗigo-ɗigon saman teburin suka matsa, daga nan ya san an ja shi hagu ne ko dama, kuma da wane sauri. To gilashi ba shi da waɗannan alamomin, sumul yake, hasken ma ratsawa yake ya wuce. Madubi da tebur mai sheƙi kuma mayar da hasken suke yi ya kashe wa kyamarar ido. Gashi kuwa, da yake yana kusa da idon, duk sanda ya ɗan girgiza sai maus ya ɗauka teburin ne ya motsa. Akwai irin waɗanda aka ƙera musamman don gilashi, kamar fasahar Darkfield da Logitech ta fitar a 2009, amma maus na gama-gari bai iya ba. Ki hure ramin, ki goge shi da auduga busasshiya, ki shimfiɗa takarda mara sheƙi ko littafi mai bangon da ba ya ƙyalli, ki gwada.

Maryam: Baba, wallahi na samu wani ɗan zare a ramin, na cire. Na kuma shimfiɗa takarda. Ya ɗan yi sauƙin ja, amma tsallen yana nan, ɗingishin ma yana nan.

Nura: Yaya Maryam, ki danna maɓallin Windows da R tare, ki rubuta main.cpl ki danna Enter. A shafin Pointer Options ki cire alamar da ke kan Enhance pointer precision. Wannan abin shi ke sa idan kin ja da sauri kibiya ta yi nisa fiye da yadda hannunki ya tafi. Mu masu wasan gem shi muke fara kashewa. Ki kuma duba ko akwai ɗan maɓalli a bayan tayar tsakiya, na canza DPI ne, wato yawan nisan da kibiya ke yi a kan ɗan motsin hannu. Mutum kan danna shi bai sani ba, daga 800 ya koma 1600 ko sama, sai ya ga kibiya na gudu kamar an kore ta.

Anti Hadiza: Nura, ban yarda da kashe wannan ba. Shekara da shekaru ina aikin ofis da shi a kunne, kuma shi ke taimaka min in saita kibiya a kan ƙaramin akwati a Excel ba tare da na wuce ba. Ranar da wani ya kashe min ji na yi kamar ba hannuna ba. Abin da ya dace da wasa ba lallai ya dace da mai rubutu ba.

Nura: Anti, sabo ne kawai. Idan a kashe yake, tazarar da hannunki ya yi ita ce kullum tazarar da kibiya za ta yi, ko a hankali kika ja ko da sauri. Hannu ya fi saurin haddace wannan.

Anti Hadiza: To ai ni hannuna ya riga ya haddace ɗayan. Kuma wanda teburinsa ƙarami ne fa? Da shi a kunne, ɗan fizga kaɗan ya kai ka ƙarshen allo, ba sai ka yi ta ɗaga maus kana mayarwa ba.

Malam Auwal: Ku duka biyun kuna da hujja, amma ba ita ce matsalar Maryam ba. Wannan saitin yana canza yadda kibiya ke amsa motsin hannu ne. Ba ya ƙirƙiro motsi inda babu. In hannu bai taɓa ba, ko a kunne yake ko a kashe, kibiya ba za ta gusa ba. Abu ɗaya a wannan shafin da ke sa kibiya tsalle da kanta shi ne Snap To, wanda ke kai ta kan maɓallin OK duk sanda wani akwatin tambaya ya buɗe. Shi ma sai akwati ya buɗe. Don haka Maryam, kada ki taɓa saiti ko ɗaya yanzu. In kin canza abu biyar a lokaci guda ya gyaru, ba za ki san wanne ne ya gyara ba, in ya dawo gobe kuma ki koma farko.

Maryam: To Malam, ban taɓa komai ba. Na yi gwajin da ka ce, na naɗe hannuwana ina kallon allo. Ta motsa. Ta ɗan yi rawa a wuri ɗaya, sai ta yi tsalle zuwa gefen dama, har ta danna wani abu ita kaɗai.

Sadiq: Kun gani ko? Har dannawa take yi. Ko bairos ne, ko kuma wani ne ya shiga kwamfutar daga nesa yana juya ta. Ni dai na faɗa.

Anti Hadiza: Wannan kam ya tsorata ni. Maryam, akwai wanda ya taɓa sa ki sauke AnyDesk ko TeamViewer, manhajojin nan na juya kwamfuta daga nesa, da sunan zai gyara miki wani abu?

Maryam: A'a Anti, babu ko ɗaya. Amma yanzu gabana faɗuwa yake yi.

Malam Auwal: Kwantar da hankalinki. Tambayar Anti Hadiza tana kan hanya, domin ana yin hakan da gaske, kuma duk wanda ya ga alama bai kamata ya yi sakaci ba. Amma motsin mutum ba ya ɓuya. Wanda ya shigo daga nesa da niyya yake tafiya: ya nufi burauza, ya buɗe, ya nemi imel ko shafin banki, ya rufe. Ba ya tsayawa yana rawa a wuri ɗaya. Gwajin kuma mai sauƙi ne. Ki kashe Wi-Fi, in akwai wayar intanet a jone ki zare. Wanda ke nesa ba shi da hanya sai ta intanet. In an yanke ta kibiya ta ci gaba, to ba mutum ba ne.

Maryam: Na kashe Wi-Fi da Bluetooth duka. Ta ci gaba da tsallenta.

Sadiq: To mutum ya fita. Amma bairos ai ba sai da intanet yake aiki ba, Malam.

Malam Auwal: Haka ne Sadiq, wannan gaskiyarka ce, kuma ba laifi ta sa Windows Security ya yi cikakken bincike, ba abin da zai rage ta. Inda muka saɓa shi ne tsari. Masu rubuta mugayen manhajoji a yau so suke su zauna shiru su kwashi bayanai, ba su jawo hankalin mai kwamfuta da rawar kibiya ba. Shi ya sa a jerin abubuwan da nake zargi, bairos yana can ƙasa. Kuma in ma manhaja ake zargi, akwai hanyar tabbatarwa ba tare da an goge komai ba: a tada kwamfutar a Safe Mode, inda Windows ke tashi da muhimman abubuwanta kawai, ko a shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, in nata mai amfani da kibiya ne, ko a tada ta daga filash da Linux, wani tsarin da ba Windows ba. In kibiya ta yi tsalle a wurin da Windows ɗin ma ba ta tashi ba, ka ga gogewa ba za ta amfana komai ba. Amma akwai gwajin da ya fi waɗannan duka sauƙi. Maryam, zare risibar, ki kashe maus ɗin ta maɓallin ƙasansa, ki ajiye shi nesa. Ki kalli allo minti biyu.

Maryam: Ikon Allah! Malam, na zare, na cire masa batir ma gaba ɗaya, kuma kibiyar ta yi tsalle sau uku a gabana. Ke nan ba maus ɗin ba ne?

Malam Auwal: Tsallen dai ba shi ba ne. Yanzu mun rage hanya. Mutane na mantawa cewa laftof tana da maus ɗinta na jiki, wato tacfad ɗin nan da ake shafawa da yatsa, kuma sanya wani na waje ba ya kashe shi. Kibiya ɗaya ce, amma tana sauraron duk na'urar da ke iya ba ta umarni. Allonki na taɓawa ne?

Maryam: A'a, ba ya amsa taɓi.

Anti Hadiza: To in tacfad ne na san wannan. Gindin tafin hannu ne ke gogarsa idan mutum na bugu, musamman wajen babban yatsa. Ni ma ya sha watsa min rubutu. Ki shiga Settings, Bluetooth and devices, Touchpad, akwai wurin da za ki cire alama don ya riƙa kashe kansa duk sanda aka jona maus. Laftof da yawa kuma suna da maɓallin kashe shi a layin sama, ana haɗa shi da Fn.

Maryam: Anti ai hannuwana a naɗe suke sanda ta yi.

Fatima: Ko akwai danshi a kai? Ɗigon ruwa ko gumi ko maiƙo yana sa shi ya ɗauka yatsa ne. Ki goge da ƙyalle busasshe. Sannan ki duba ta gefe da kyau: tacfad ɗin ya ɗan taso sama fiye da da? Yana wuyar dannuwa? A laftof da yawa batir a ƙarƙashinsa yake, in ya kumbura sai ya riƙa turo shi daga ciki. In haka ne ki kashe ta nan take, kada ki danna wurin da ƙarfi, kada ki soka masa komai, batir mai kumburi yana iya kama wuta.

Maryam: Na goge. A kwance yake daidai, yana dannuwa lafiya, jikin laftof ɗin ma bai buɗe ta ko'ina ba.

Malam Auwal: Alhamdulillah, wannan ne na fi jin tsoro. Saura abu ɗaya da nake zargi a jikinta da ba mu zare ba. Cire cajar, ki bar ta a kan batir. Kada ki canza komai bayan wannan.

Maryam: Na cire. Minti biyar ke nan ina kallo, ko gezau ba ta yi ba. Na shafa tacfad ɗin, tana bin yatsana sumul. Bari in mayar in gani.

Maryam: Na mayar, ko minti ɗaya ba a yi ba ta fara rawa. Na sake cirewa ta tsaya. Sau uku na maimaita. Malam, cajar ce! Kuma yanzu na tuna, tawa ta asali wayarta ta karye makon jiya, sai na samo wata da bakinta ya shiga. Washegari abin nan ya fara, ban taɓa haɗa su a raina ba.

Sadiq: Ni fa abin ya ɗaure min kai. Caja wuta kawai take bayarwa, me ya haɗa ta da kibiya?

Malam Auwal: Tambaya mai kyau. Tacfad ba nauyin yatsa yake ji ba. A ƙarƙashin fatarsa akwai wasu siraran layukan lantarki a jere kamar saƙar raga, yana auna ɗan canjin cajin da ke faruwa idan yatsa ya kusanto. Canjin nan ƙanƙani ne ƙwarai, shi ya sa in ka sa safar hannu mai kauri ko ka shafa da murfin biro ba ya amsawa. Ita kuma caja, aikinta ta karɓi wutar bango ta mayar da ita ƙaramar wuta, a laftof da yawa wajen bolt 19 ko 20, kuma tana yin haka ne ta hanyar kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa. Wannan kunna-kashen yana haifar da hayaniyar lantarki. Caja mai kyau tana da abubuwan tace hayaniyar a cikinta. Wadda aka yi wa ƙwauron kayan ciki, ko wadda ta fara lalacewa, sai ta bar hayaniyar ta bi waya ta shiga laftof. Shi kuma tacfad ba ya iya bambance ta da yatsa, sai ya ga kamar ana taɓa shi nan da can. Irin wannan ne ke faruwa da wayar hannu idan allonta ya riƙa danna kansa sanda take caji.

Fatima: Ƙari a kan haka, wani lokacin cajar lafiyarta ƙalau, soket ɗin ne ba shi da wayar ƙasa, ko an bi ta wani abin jona filogi mai ƙafa biyu aka bar ta ukun a banza. Alamarsa, in jikin laftof ɗin ƙarfe ne, za ka ji wani ɗan zirr idan ka shafa bayan hannunka a kai tana caji. Ƙanwata, gwada wani soket a wani ɗaki kafin ki yanke wa cajar hukunci.

Maryam: Na gwada biyu Yaya Fatima, duk ɗaya ne. Kuma ita wannan ƙafa biyu gare ta, ta asalin uku ce.

Sadiq: To na janye maganar gogewa. Da ta bi tawa da ta rasa kwana guda tana sake sa manhajoji, ta jona cajar abin ya dawo.

Baba Ilu: Allah ya yi maka albarka Sadiq. To amma ɗingishin fa? Malam ya ce cuta biyu ce.

Maryam: Yana nan Baba. Na mayar da maus ɗin, caja a cire, takarda a shimfiɗe. Ba tsalle, amma in na ja shi sai ya riƙa yankewa.

Nura: Batir. Sa sabo ki gani. Maus mara waya in batirinsa ya yi ƙasa haka yake yi tun kafin ya mutu gaba ɗaya.

Maryam: Sabo na sa shekaranjiya, ina zaton shi ne.

Fatima: Tsaya. Tun a farko kin ce faifan ajiyarki kullum a jone yake. A wace kafa? Kusa da risibar? Kuma leƙa cikin kafar, shuɗi ne?

Maryam: Suna maƙwabtaka, duk a gefen hagu, har suna gogar juna. Eh, cikinta shuɗi ne.

Fatima: To ga ɓarawon na biyu nan. Shuɗin yawanci alamar USB 3.0 ce. Risibar maus tana magana da shi ta iska a zangon 2.4 GHz, wanda Wi-Fi da Bluetooth ma suke amfani da shi. Na'urar USB 3.0 kuma idan tana aiki, bakinta da wayarta suna fitar da hayaniya da ke faɗawa daidai wannan zangon. Ba zato ba ne, Intel ta fitar da takarda a kan wannan a 2012. Risibar 'yar mitsitsiya ce, eriyarta ba ta da ƙarfi, in kin manna ta da mai ihu ba za ta ji maus ɗin sosai ba. Maus na gama-gari yana aika rahoton inda yake sau 125 a daƙiƙa. In wasu daga ciki suka ɓata a hanya, kibiya sai ta tsaya, sannan ta zabura ta cimma hannu. Shi ne ɗingishin da kike gani. Mayar da risibar gefen dama, kusa da hannun da ke riƙe maus, in akwai kafa mai baƙin ciki ta USB 2.0 ma ta fi.

Nura: In kafofin duk a gefe ɗaya suke, 'yar gajeriyar wayar ƙari ta USB tana magance shi. A soka risibar a bakinta a ajiye ta kusa da maus. Shi ya sa ake haɗo irin wannan wayar a kwalin wasu maus ɗin wasa.

Maryam: Akwai ɗaya a dama, na mayar. Yaya Fatima, Allah ya saka da alheri. Ya miƙe tsaf. Har na sa faifan ya kwafi babban fayil ina jan maus ɗin don in gwada, bai yanke ba.

Kabiru: Salam. Tunda ana kan maganar, ni tawa babbar kwamfuta ce ta tebur, maus mai waya. Kibiya takan daskare na daƙiƙa biyu ko uku, in ji ƙarar nan da Windows ke yi idan an zare abu, sai kuma ta dawo. Wani ya ce in sauke manhajar da ke sabunta direbobi duka, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows ta yi aiki da na'urorin da aka jona.

Malam Auwal: Kada ka sauke, Malam Kabiru. Maus na gama-gari da direban da ke cikin Windows yake aiki, ba ya buƙatar wata manhaja ta nemo masa, kuma da yawa daga irin waɗannan manhajojin talla da tarkace suke shigo da su. Ƙarar da kake ji tana gaya maka cewa maus ɗin yana fita yana dawowa ne. Riƙe shi wuri ɗaya, ka lanƙwasa wayar a hankali daidai inda ta shiga jikinsa, sannan daidai bakin USB ɗin. A waɗannan wuraren biyu siraran wayoyin ciki ke karyewa alhali robar waje lafiya lau. In ƙarar ta tashi sanda kake lanƙwasawa, ka samu amsa. In ba ta tashi ba, koma kafar bayan akwatin maimakon ta gaba.

Nura: Ko kuma Windows ce ke kashe kafar don tanadin wuta. A Device Manager, ƙarƙashin jerin USB, kowane Root Hub yana da shafin Power Management, a cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe shi.

Malam Auwal: Yana faruwa, amma shi yawanci bayan an bar maus ya daɗe ba a taɓa ba ne, sai a ga ya yi nauyin farkawa. Na Kabiru yana tsakiyar aiki yake yankewa. Ya fara da wayar. In kuma kibiya na daskarewa ba tare da wannan ƙarar ba, sai a danna Ctrl da Shift da Esc a duba Task Manager, ko wani abu ne ya cinye ƙarfin kwamfutar har ta kasa bin hannu.

Kabiru: Na lanƙwasa ta wajen wuyan maus ɗin, nan take ta yi ƙarar, fitilar ƙasan ma ta ɗauke. Na gode Malam.

Maryam: Tambaya ta ƙarshe don Allah. Tunda maus ɗin ya gyaru, in na kashe tacfad kamar yadda Anti Hadiza ta nuna, zan iya ci gaba da wannan cajar har in gama aikina?

Anti Hadiza: Tsallen dai zai daina, tunda wanda ke jin hayaniyar an rufe masa kunne.

Malam Auwal: Zai daina, amma ni ban so ki daɗe a haka ba. Hayaniyar tana nan tana shiga, tacfad ne kawai ya tona ta, kuma shigar baki ba ta nufin caja ta dace da laftof. Ki kifa laftof ɗin ki karanta rubutun ƙasanta, ko na jikin tsohuwar cajar in ba ki yar ba. Bolt ɗin dole ya zama daidai da wanda aka rubuta. Amfiya ko wat kuma ya kai wanda aka rubuta ko ya fi, kada ya gaza. Ki nemi wadda aka yi don samfurin laftof ɗinki, mai ƙafa uku kamar ta asalin. Kafin ki samu, ki kashe laftof ɗin ki yi caji kina kusa, in ta cika ki zare ki yi aiki a kan batir. In kin ji cajar ta yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa, ko tana ƙara, ko ƙauri, ki daina amfani da ita a take.

Maryam: Na duba. Ta asalin an rubuta wat 65, wannan kuma 45. Na zare ta na naɗe. Ƙanena yana da laftof irin tawa sak, na aro tasa na jona yanzu, tacfad a kunne, faifan ajiya a hagu, risiba a dama. Awa guda ke nan ina bugu, kibiya tana inda na bar ta. Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, na koma babi na huɗu.

Baba Ilu: Amin 'yata. Allah ya ba da sa'a. Takardar nan da kika shimfiɗa a kan gilashin kada ki ɗauke ta.